In Ka Yi Sammako, Wani A Tafe Ya Kwana

Kowace shekara, da zarar damina ta ja baya, kaka ta kunno kai, akwai wata shawara mai wuya da kan shiga gidajen waɗanda 'ya'yansu ke nufin neman ilmi mai zurfi a manyan jami'o'in Amurka. Shawarar kuwa ita ce, yaro ya aika da takardunsa tun farkon Nuwamba tare da masu sammako, ko kuwa ya dakata sai Janairu ya shiga cikin taron jama'a. A da wannan magana ba ta dame mu ba, amma yanzu ta shafe mu ƙwarai, gama ƙididdigar shekarar karatu ta 2023 zuwa 2024 ta nuna akwai 'yan Nijeriya 20,029 da ke karatu a Amurka, ba kuwa wata ƙasa ta Afirka da ta kamo mu yawa. Ga shi kuma masu ba da shawara don a biya su suna ta gaya wa iyaye cewa ƙofar sammako ta ninka ta taron jama'a faɗi har sau uku. Maganarsu da ƙamshin gaskiya, amma ba su kan faɗi sauranta ba, sauran kuwa shi ne abin da talaka ya fi bukatar ji.

Bari mu fara bayyana yadda al'amarin ya ke, don wanda bai saba ba. Jami'o'in nan masu tsananin zaɓe suna da ƙofa biyu. Babbar ƙofa, wadda kowa ke bi, ana rufe ta wajen 1 ga Janairu, a ba da amsa ƙarshen Maris ko farkon Afrilu, yaro kuwa yana da dama har 1 ga Mayu ya duba dukan jami'o'in da suka karɓe shi, ya zaɓi wadda ta fi masa. Ƙofar sammako ana rufe ta yawanci 1 ga Nuwamba, amsa ta zo tsakiyar Disamba. Amsar nan iri uku ce: ko a ce an karɓe ka, ko a ce an ƙi, ko kuwa a ce an ɗage maganarka, za a sake dubawa tare da ta mutanen Janairu.

To, sammakon nan shi ma ba iri ɗaya ba ne, a nan ne kuwa mutane da yawa ke ruɗewa. Akwai sammako mai alkawari, irin na jami'o'in Columbia da Pennsylvania da Cornell da Brown da Dartmouth da Duke. Shi wannan, yaro da mahaifinsa da malamin makarantarsa mai ba da shawara duk sai sun sa hannu a takarda, cewa in an karɓi yaron lalle zai zo, zai kuma janye takardun da ya aika sauran jami'o'i. Jami'a ɗaya tak a ke yi wa wannan alkawari. Akwai kuma sammako marar alkawari, irin na MIT, inda za a ba ka amsa a Disamba amma kana nan da 'yancinka har Mayu. Tsakaninsu kuma akwai na Harvard da Yale da Princeton da Stanford, waɗanda ba su ɗaure ka da alkawarin zuwa, amma sun hana ka yi wa wata jami'a mai zaman kanta irinsu sammako a wannan zagaye.

Yanzu sai lissafin da a ke ruɗin iyaye da shi. Mu ɗauki Harvard, don alƙalumanta na zagayen 2022 zuwa 2023 a fili su ke. A Disamba ta 2022, mutum 9,553 suka yi mata sammako, ta karɓi 722, watau wajen kashi bakwai da rabi cikin ɗari. Da aka gama zagayen duka a Maris na 2023, masu nema sun kai 56,937, waɗanda aka karɓa kuwa 1,942. In ka cire na sammako, sai ka ga gurbi 1,220 ne ya rage wa mutum fiye da dubu arba'in da bakwai, ban da ɗimbin masu sammakon da aka ɗage maganarsu suka dawo cikin layi. Ke nan a babbar ƙofa ko uku cikin ɗari ba a karɓa ba. Wanda duk ya dubi wannan, ba sai an ce masa kome ba, zai ce wa ɗansa tashi maza ka yi sammako.

Amma fa a tsaya a tambaya, su wane ne mutanen nan 722? Hausawa sun ce in ka yi sammako, wani a tafe ya kwana, ba mu kuwa san inda karin maganar nan ya fi dacewa kamar nan ba. Jami'o'in Amurka suna da wata al'ada da ba mu da irinta, watau suna neman 'yan wasanni da kansu, masu guje-guje da ƙwallo da tuƙin kwalekwale da sauransu. Mai horad da 'yan wasa ya kan daidaita da yaro tun kafin a buɗe ƙofa, sa'an nan a ce masa ya aiko da takardunsa cikin zagayen farko. Haka kuma 'ya'yan tsofaffin ɗaliban jami'ar, da 'ya'yan masu yi mata kyautar dukiya, da 'ya'yan malamanta, da yawansu ta nan su ke shiga. Shari'ar da aka yi da Harvard a birnin Boston a 2018, a kan yadda ta ke zaɓen ɗalibai, ta tilasta aka buɗe littattafanta, sai aka ga cewa cikin shekarun da aka bincika, 'yan wasan da jami'ar ta nema da kanta fiye da kashi tamanin cikin ɗari a ke karɓa, 'ya'yan tsofaffin ɗalibai kuwa wajen ɗaya cikin uku, alhali sauran jama'a ba su wuce wajen shida cikin ɗari ba. Waɗannan mutane ko da wace ƙofa suka bi, hanyarsu a share ta ke. Zamansu cikin lissafin sammako shi ke kumbura shi.

Ga misali na ƙaddarawa, don a gane. A ce mutum ɗari sun yi sammako, an karɓi ashirin. Mai talla zai ce maka ɗaya cikin biyar ke nan. To, a ce goma cikin ɗarin nan masu ɗaurin gindi ne, takwas daga cikinsu sun shiga. Saura gurbi goma sha biyu ga mutum casa'in. Yaron da ya fito daga Kano ko Zariya ko Maraɗi, wanda ubansa bai taɓa taka ƙasar Amurka ba, cikin casa'in ɗin nan ya ke, kuma ko a cikinsu ma yana cikin baƙi, waɗanda rabonsu a yawancin jami'o'in nan ƙanƙane ne. Daɗin daɗawa, masu sammako galibi su ne waɗanda suka fi shiri: sun fito daga makarantu masu malamai na musamman don wannan aiki, sun gama jarrabawarsu tun da wuri, an duba musu rubutunsu sau da yawa. In an fi karɓarsu, wani sashi na dalilin shi ne ƙarfin takardunsu, wanda da ma zai yi musu amfani ko a Janairu.

Kada kuwa mai karatu ya ɗauka muna cewa sammako ba shi da riba ko kaɗan. Yana da ita, an kuma auna ta. A 2003 wasu masana uku, Christopher Avery da Andrew Fairbanks da Richard Zeckhauser, sun buga littafi a kan wannan al'amari bayan sun binciki takardun neman shiga fiye da 500,000. Sun ware 'yan wasa da 'ya'yan tsofaffin ɗalibai, sun gwada yara masu ƙoƙari daidai wa daida, sai suka tarar ribar sammako ta yi kamar a ƙara wa yaro maki ɗari a jarrabawar SAT, wadda iyakar makinta 1,600. Maki ɗari ba abin rainawa ba ne. Amma binciken ya haura shekara ashirin, kuma abin da ya nuna shi ne tsaka-tsakin jami'o'i da yawa, waɗansu ribar ta fi haka, waɗansu ba ta kai ba. Harvard ta sha faɗi da bakinta cewa ba ta fifita mai sammako don sammakonsa. Mun fi gaskata irin wannan magana daga jami'ar da ba ta ɗaure mutum da alkawari, gama ba ta da abin da za ta saya a wurinsa. Inda ribar ta fi tabbata shi ne wurin masu alkawari.

Ruwa kuwa ba ya tsami banza. Me ya sa jami'a za ta sassauta wa wanda ya yi mata alkawari? Domin a zagayen Janairu yaro mai ƙoƙari ya kan nemi jami'a goma ko fiye, in biyar sun karɓe shi ɗaya kaɗai zai je, sauran huɗun sun yi asarar gurbin da suka tanada masa. Hukumar jami'a ba ta son wannan rashin tabbas, gama ɗakunan kwana a ƙidaye su ke, kuɗin da za ta raba taimako a ƙidaye ya ke, kuma darajarta a idon duniya tana ƙaruwa in an ga waɗanda ta kira ba su ƙi ta. Mai alkawari kuwa ya zama tsuntsu a hannu. Saboda haka waɗansu jami'o'i, kamar Pennsylvania, su kan cika wajen rabin ajinsu na sabuwar shekara tun a Disamba. Waɗansu ma, irin su Chicago da Vanderbilt da Jami'ar New York, sun buɗe zagaye na biyu na alkawari a Janairu, don su kama waɗanda aka ƙi a wani wuri. Mu nan gida mun san ɗan'uwan wannan hali, gama kowa ya san jami'ar da masu nema suka yi wa yawa ba ta cika waiwayar yaron da ya sa ta zaɓi na biyu a takardar JAMB ba. Bambancin shi ne a can an mai da abin ciniki sosai, da sa hannu da shaidu.

Ciniki kuwa sai an san abin da za a bayar. Abin da yaro ke bayarwa shi ne ikon gwada tayi da tayi. A 2024 kuɗin shekara guda a waɗansu manyan jami'o'i masu zaman kansu, in an haɗa karatu da ɗaki da abinci da littattafai, ya haura dala 90,000. A waccan shekara dala ɗaya ta wuce naira 1,500, ke nan ana maganar naira miliyan 135 ko fiye a shekara ɗaya, karatun kuwa shekara huɗu ne. Ba mai ɗaukar wannan sai attajiri na gaske. Sauran mutane duk da taimakon jami'a su ke dogara, taimakon nan kuwa ya kan bambanta ƙwarai daga wannan jami'a zuwa waccan. Wanda ya jira Afrilu, in Allah ya sa jami'a uku sun karɓe shi, zai shimfiɗa takardunsu a gaban mahaifinsa su ga wadda ta fi sauƙi, har ma ya iya rubuta wa ɗaya ya ce ga abin da 'yar'uwarki ta ba ni, ko za ki sake dubawa. Mai alkawari ba shi da wannan. Tayi ɗaya zai gani, ya karɓa ko ya bari. Gaskiya ne an yarda ya warware alkawarin in taimakon bai isa ba, amma sai ya yanke shawara cikin 'yan kwanaki, bai kuwa san ko abin da ke gaba ya fi wannan ko bai kai shi ba. Wannan shi ne cinikin biri a sama. Ɗan attajiri bai damu ba, gama ko nawa aka ce ubansa zai biya.

Ba mu kaɗai muka ga rashin adalcin tsarin nan ba. A watan Satumba na 2006 Harvard da kanta ta ba da sanarwar za ta rufe ƙofar sammako, shugabanta na riƙo a lokacin, Derek Bok, ya ce tsarin masu gata ya ke ƙara wa gata. Princeton da Jami'ar Virginia suka bi bayanta, ana tsammani sauran za su biyo. Ba su biyo ba. Sai ma suka riƙa kwashe yara masu ƙoƙari tun a Disamba, har da 'ya'yan talakawan da aka yi gyaran dominsu. A Fabrairu na 2011 Harvard da Princeton suka sake buɗe ƙofar, amma marar alkawari. A watan Agusta na 2025 kuma waɗansu ɗalibai suka kai jami'o'i 32 ƙara a kotun tarayya, suna zarginsu da haɗa baki ta hanyar alkawarin nan don su hana gasa a kan farashi. Ra'ayinmu shi ne, tsarin da sai mai kuɗi ke iya shiga cikinsa da kwanciyar rai bai dace da gidajen ilmi masu da'awar neman haziƙai ko daga ina su ke ba. Amma gyaransa yana hannun mutanen Amurka. Abin da ke hannunmu shi ne kada 'ya'yanmu su shiga da ido rufe.

Akwai wani abu da ya keɓanta ga baƙi, wanda ya kamata kowane uba ya sani. Yawancin jami'o'in Amurka, in baƙo ya nemi shiga ya kuma nemi taimakon kuɗi, suna sa bukatarsa a kan ma'auni tun wajen zaɓe, watau yawan abin da ya ke nema yana iya jawo a ƙi shi. 'Yan kaɗan ne suka yi alkawarin ba su duban aljihun baƙo wajen zaɓe, in kuwa sun karɓe shi za su cika masa abin da lissafinsu ya nuna ya gaza biya. Cikinsu akwai Harvard da Yale da Princeton da MIT da Amherst, Dartmouth kuma ta shiga sahunsu a 2022. Sai a lura, huɗu na farkon nan duk sammakonsu marar alkawari ne. Ke nan ɗan talaka mai hazaƙa ta gaske, wanda takardunsa suka kammala, ba abin da zai rasa in ya yi wa ɗayansu sammako, sai dai ya san ya kashe harsashinsa guda a inda samu ke da wuya ƙwarai. In kuwa jami'ar mai alkawari ce, ba ta kuma cikin masu cika wa baƙo bukatarsa, to, mu dai ba mu ga dalilin da zai sa mai neman taimako ya ɗaure kansa ba.

Sai maganar shiri, gama ba a fafe gora ranar tafiya. Yaronmu da ke ajin ƙarshe na sakandare a watan Satumba ya ke fara shekara, in Nuwamba ta yi ko sakamakon zango na farko bai fito ba, jarrabawar WAEC kuwa sai Mayu da Yuni. Abin da jami'a za ta gani shi ne makinsa na shekarun baya kaɗai. In makin nan ya yi kyau tun daga farko, madalla. In kuwa yaro ne da ya farka daga baya, wanda ƙoƙarinsa ke hauhawa, wata biyun da ke tsakanin Nuwamba da Janairu suna da daraja gare shi, gama zai ƙara sakamakon zango guda, ya sake zama jarrabawar SAT a Disamba, malamansa kuma su sami sukunin rubuta masa shaida mai ma'ana maimakon layi uku na gaggawa. Jarrabawar nan kuwa ta dawo da ƙarfinta, don MIT ta mai da ita wajibi a 2022, Dartmouth da Brown da Harvard suka bi a 2024. Galibi wanda aka ƙi a Disamba ba ya sake neman wannan jami'a sai wata shekara, saboda haka aika takardu rabi da rabi don a riga mutane asara ce tsantsa. Wanda ya riga ya gama sakandare, satifiket ɗinsa na hannu, shi ne a cikin 'ya'yanmu sammako ya fi yi wa daidai.

Mun lura kuma da wani hali da lissafin nan ke jawowa, wanda ya fi ba mu tsoro. Yaro ya kan bar jami'ar da ta dace da abin da ya ke son koyo, ya yi alkawari da wata don kawai an ce masa ƙofarta ta fi faɗi. Shekara huɗu ba kwana huɗu ba ce, a ƙasar sanyi, nesa da uwa da uba. Yaran Amurka masu hali su kan je su zaga jami'a, su kwana, su shiga aji su saurara kafin su sa hannu. Namu hotuna kaɗai ya gani a intanet. Ya kamata kafin ya ɗaure kansa ya san ko akwai fannin da ya ke so da malamai isassu, ko akwai masallaci ko wurin ibada kusa, da abincin da zai iya ci, da inda zai zauna lokacin hutun hunturu in an rufe ɗakunan kwana, da kuma ko taimakon da za a ba shi ya haɗa da kuɗin jirgi da inshorar lafiya. In amsar tambayoyin nan ba ta samu ba kafin 1 ga Nuwamba, to, lokacin alkawari bai yi ba.

Kada kuma a gauraya wannan da tsarin Ingila. A can Oxford da Cambridge suna rufe karɓar takardu tsakiyar Oktoba, ba a kuwa neman su biyun a shekara ɗaya, amma wannan ranar ta kowa ce, ba wata ƙofa ta biyu a bayanta, ba kuma wani fifiko ga wanda ya riga.

Wanda ya yi sammako, ko da wane iri ne, kada ya naɗe hannu yana jiran Disamba. Tsakanin fitowar amsa da rufe babbar ƙofa mako biyu ne kacal, alƙaluman da muka kawo a sama kuwa sun nuna fiye da mutum tara cikin goma ba su sami abin da su ke so a zagayen farko ba. Sai ya shirya takardun sauran jami'o'i tun a Nuwamba, ya sa har da waɗanda shigarsu ba ta kai wannan tsanani ba, gama akwai jami'o'i nagari da yawa a Amurka da ba su da suna a wajenmu amma suna ba haziƙi sukolashif mai kauri. Ofishin EducationUSA da ke ofishin jakadancin Amurka a Abuja da ƙaramin ofishinsu na Ikko an kafa su ne don ba da irin wannan bayani, ya kamata uba ya fara da su kafin ya miƙa wa ɗan kasuwa kuɗinsa.

Har wa yau akwai maganar biza, wadda ba ta hannun kowace jami'a. A cikin 2025 Gwamnatin Amurka ta ƙuntata ba da biza ga mutanen ƙasashen Afirka da dama, har da Nijeriya da Nijar da Cadi, dokokin nan kuwa suna sauyawa cikin ɗan lokaci. Takardar karɓa daga jami'a ba ita ce izinin shiga ƙasa ba. Uban da zai sa hannu a kan alkawarin janye sauran takardun ɗansa, ya kamata ya rubuta wa jami'ar tukuna ya tambaye ta abu biyu, ya kuma ajiye amsar a rubuce: ko alkawarin ya haɗa da jami'o'in da ke wajen Amurka, kamar na gida da na Ingila da Kanada, kuma in an hana yaron biza, za ta ajiye masa gurbinsa da taimakonsa har shekara mai zuwa ko ba za ta ajiye ba.